Takardar Gwajin Jinin 'Yar Farina Da Na Ɓoye

A lokacin da abin nan ya faru, ni mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai, ina sayar da dankalin turawa a wata 'yar rumfa a Gada Biyu, nan cikin Jos. Maigidana direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu ko uku bai kwana gida ba. Ban yi boko ina yarinya ba, sai da na haifi 'ya'ya biyar sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, inda na koyi karatu da rubutu da sanin lambobi. Da ɗan abin da na koya ɗin nake rubuto muku wasiƙar nan, in kun ga kuskure ku gyara mini. Mutanen unguwa sun san ni da haƙuri da rashin ɗaga murya, har akan kira ni in sasanta maƙwabta idan sun saɓa. Ni ma na ɗauka na san halina. Ban taɓa zaton zan aikata abin da zai kusa halaka 'yar da na haifa ba, kuma in aikata shi ina ganin gata nake yi mata.

Ita ce 'yata ta fari, kuma a gidanmu an riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi. Tun ranar da aka raɗa mata suna ban taɓa furta shi ba. Ana yaye ta ƙanwar mahaifinta ta ɗauke ta zuwa unguwar Kwararafa, can ta girma, can ta yi karatu har ta zama malamar firamare. Ni 'yar Goggo nake ce mata, ita kuma tana ce mini Iya. Idan ta kawo ziyara ba na haɗa ido da ita, ba na yi mata magana kai tsaye. Sai in ajiye kwano, in fuskanci ƙofa, in ce a ci abinci kafin ya huce. Ita kuwa gwanar barkwanci ce, sai ta tashi ta je ta durƙusa gaban ƙofar ta tambaye ta ko ta ji abin da Iya ta ce, ƙannenta su yi ta ƙyalƙyata dariya. Ni ma ina yin dariyar, amma a cikin mayafi. Haka muka rayu shekara ashirin da uku, ban taɓa ganin aibin hakan ba.

Ciwon ya fara ne kamar wasa. Gajiya, sai zazzaɓin da ya ƙi jin maganin sauro, sai dasashinta ya riƙa zubar da jini idan ta goge baki, sai wasu tabbai baƙi-baƙi a cinyoyinta alhali ba ta bugu da komai ba. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a gaban ɗalibanta aka kai ta babban asibiti. Bayan an ɗebi jininta, aka kuma soka wata doguwar allura a ƙashin ƙugunta aka zuƙo ɓargo, likita ya ce sankarar jini ce, irin mai saurin nan da ba ta jira. Ni dai ba a gabana aka faɗa ba. Kunya ta hana ni shiga ofishin likita, don kada a ce na nuna zaƙuwa a kan 'yar fari. Goggo ce ke shiga, ni ina zaune kan benci a baranda da kulolin abinci, in ta fito ta gaya mini abin da ta riƙe. Goggo kuwa, Allah ya saka mata, mace ce mai zuciya, amma idan aka gaya mata magana goma, ukun da suka fi yi mata daɗi take kawowa.

Daga bakinta na fara jin zancen alamomin cikin jini. Ta ce likita ya ce cutar sunanta ɗaya amma ba gidansu ɗaya ba. Wai a cikin miyagun ƙwayoyin jinin akwai wata alama da ido ba ya gani, kamar dai tsagar gado da ake kallo a fuskar mutum a gane daga inda ya fito. Wata alamar tana nuna cutar mai taurin kai ce, sai an shirya mata babban shiri, wata kuma tana nuna mai jin magani ce. Don haka za a aika jinin da ɓargon wani ɗakin gwaji mai nisa, a jira. Muka jira kusan sati uku, a lokacin an riga an fara sa mata maganin nan mai ƙarfi da suke kira kemo. Ranar da sakamakon ya iso, ina zaune sai na ji guɗa ta tashi daga cikin ofis, guɗa sosai irin ta ɗaurin aure, har mai gadi ya taho a guje. Goggo ce. Ta fito ɗankwali a hannu tana cewa tamu mai jin magana ce, tamu mai ladabi ce, ko cutar ma ta san gidan tarbiyya ta shigo. Likitan ya biyo ta yana dariya yana roƙon Hajiya ta sassauta, yana cewa wannan ba alkawari ba ne, haske ne kawai aka samu na hanyar da za a bi, sauran yana hannun Allah. Na sunkuyar da kai na yi ta hamdala, hawaye na ɗiga kan murfin kula.

Watan da ya biyo baya ya yi tsanani, ba zan ɓoye ba. Gashinta ya zube, bakinta ya yi gyambo, jininta ya riƙa yin ƙasa ana ƙara mata leda bayan leda. Amma a watan ne na ga alherin mutanen garin nan da idona. 'Yan keke na bakin rumfata suka yi layi suka ba da jini. Maƙwabciyata a kasuwa, mai sayar da kabeji, ta kwaso matasan majami'arsu daga Angwan Rukuba su ma suka bayar, tana tsokanata wai yanzu 'yar Goggo ta zama tasu, rabin jininta na Rukuba ne, sai an biya su sadaki ranar aurenta. Ni kuma abin da na iya shi ne girki. Tunda ba zan iya zama bakin gadonta in riƙe hannunta ba, sai na zuba duk abin da ke raina a tukunya. Zogale, hanta, ganyen ugu, gwaten acca da alayyafo, duk abin da aka ce yana ƙara jini sai na dafa shi ya dahu luguf yadda suka ce, na kawo da zafinsa. A nan ne wani abu ya fara cin raina. Kullum da safe sai in ga an shigo da tire, an ɗaure mata hannu, an cika 'yan kwalabe biyu ko uku da jininta an fita da su. Ina leƙe ta taga ina cewa a raina, ni ina ɗurawa su suna kwashewa, yaushe za ta cika? Ban tambayi kowa ba. Da na tambaya, da ban rubuto wasiƙar nan ba.

Allah cikin ikonsa, bayan zagayen farko na maganin aka sake dubawa aka ce ba a ga cutar a madubin likita ba, za a sallame ta ta huta. Likita ya ce kada ta zauna cikin cunkoso, gidan Goggo kuwa cike yake da jikoki masu tari da majina, sai aka yanke shawara a kawo ta wurina. Ranar sallamar, Goggo ta fita neman keke, sai wata nas da muke kira Sista ta miƙo mini takarda, ta ce bayan sati biyu a dawo, za a sake ɗibar jini da ɓargo, sannan a ci gaba da sauran zagayen magani. Ba zan yi ƙarya in ce ban gane ba. Na ji sarai, kuma na karanta kwanan watan da idona. Na ninke takardar na soke a ƙugu, da muka isa gida na ɗaga atamfofin da ke ƙasan akwatina na kwantar da ita a can.

Ku fahimce ni, ba don in wanke kaina ba. Tun da aka yaye ta ba ta taɓa yin sati a ɗakina ba. Yanzu ga ta a kan gadona, ina jin numfashinta, ina dafa mata ruwan wanka saboda sanyin Jos, ina ganin kumatunta suna dawowa, gashi yana tsirowa laushi-laushi kamar na jariri. Ta fara cin tuwo, ta fara tsokanar ƙofa. Sai in tuna allurar ƙugun nan da ihun da ta yi, in tuna kwalaben, in ce wallahi ba za a mayar mini da ita baya ba, ai ta warke, kowa ya gani. Sau biyu tana tambaya yaushe ne komawa asibiti, ni kuma na fuskanci ƙofa na ce an ce sai an ƙara ƙarfi, za su neme mu. Goggo ma haka na gaya mata, mahaifinta ma haka a waya. Babu wanda ya yi shakka, don ba a san ni da ƙarya ba. Har 'yar walima muka yi, aka yi waina da miyar taushe, aka yi addu'a. Sati biyu suka wuce, suka zama biyar. A cikin kwanakin nan na yi farin cikin da ban taɓa yi ba, amma duk lokacin da na buɗe akwatin nan sai gabana ya faɗi.

Wata ranar Asabar da hantsi, an ɗauke ruwan sama ke nan, ina tsince dankali a rumfa, sai na ji an ce a'a, ba Mama mai ugu ba ce wannan? Na ɗaga kai, sai ga Sista cikin kayan gida da kwandon cefane. 'Yar Filato ce, Hausarta irin ta cikin gari, takan ce wa mace shi, amma ba ta da ɓoye-ɓoye. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta tambaye ni ina malamarsu, me ya sa ba su gan shi ba, oga likita yana ta cigiya. Na fara kame-kame, na ce ai jiki ya yi kyau, har ƙiba ta yi. Ta ajiye kwandon, ta jawo kujerar maƙwabciyata ta zauna, ta ce in gaya mata gaskiya tsakanina da Allah. Ban san lokacin da na gaya mata komai ba, har zancen kwalaben da nake gani ana fita da su.

Na zaci za ta yi mini faɗa. Sai ta nuna wani buhu da ban kwance ba, ta tambaye ni in na je sari yaya nake gane buhun da zai yi kwana bai lalace ba, tunda na saman kullum masu kyau ne. Na ce ai ba a yarda da na sama, hannu nake zurawa har can ƙasa in zaro ɗaya, in yanka shi biyu in duba cikinsa, don wani yana da kyau a fata amma baƙi ya fara daga tsakiya, kuma shi ne zai ruɓar da sauran. Ta ce to ba na jin asarar wanda na yanka ɗin? Na ce ɗaya ai ba ya rage buhu. Sai ta tafa hannu ta ce shi ke nan, Mama ta gama karatun likita. Ta ce jinin da suke ɗiba bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba, jiki yana mayar da shi. Ta ce alamar nan da Goggo ta yi wa guɗa ba aikinta ɗaya ba. Da farko ta nuna irin cutar, yanzu kuma da ita ake bin sawu, don na'ura tana iya gano ta ko da miyagun ƙwayoyin sun ragu har madubi ba ya ganin su. In alamar ta ɓace, hankali ya ɗan kwanta. In tana nan, ko tana ƙaruwa, to cutar ta laɓe ne, kuma za a san haka tun mutum yana cin tuwonsa yana dariya, tun ana iya tarar ta. Ta ce kumatu da gashi na saman buhu ne. Nan take na miƙe. Na bar wa maƙwabciyata rumfar na kama hanyar gida, ko takalmi ban saka daidai ba.

Na tarar da ita a tsakar gida tana shan hantsi. Na shiga na ciro takardar, na ajiye a gabanta, na juya wajen ƙofa zan fara magana yadda na saba. Sai ta ce Iya, yau dai a ƙyale ƙofar nan ta huta, a kalle ni. Na kalle ta. Rabon da in kalli cikin idonta haka tun tana goye. Na gaya mata abin da na yi. Ta karanta takardar, ta ƙirga satuttukan da yatsa, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Can ta ce ita ma tana da laifi, ta san ba haka asibiti suke yi ba, amma tsoron allurar da daɗin gwaten Iya suka sa ta ƙi matsawa. Goggo kuwa da ta zo ba ta raga mini ba. Ta ce oh, ashe shiru-shirun nan na munafunci ne, matar da ba ta iya kiran sunan 'ya ba, amma ta iya ɓoye takardarta, wai da ta sani da ta bar ta wurin majinar jikoki. Ta yi faɗan har ta gaji, ta zauna ta cinye sauran gwaten, ta ce Litinin da sassafe in shirya, kuma wannan karon ƙafata ƙafarta har cikin ofis, in ba haka ba za ta faɗa wa duk Gada Biyu.

Na shiga. Na zauna gaban likita da tsohon littafina na ajin yaƙi da jahilci da fensir, na ce ya yi mini bayani da Hausa a hankali zan rubuta. Bai wulaƙanta ni ba ko kaɗan. Gwajin jini na yau da kullum ya fito da kyau, har na fara murna, ya ce a jira na ɗakin gwajin nan mai nisa. Da na nesan ya dawo, sai ga alamar tana nan, kaɗan ce, amma tana nan. Ya ce da an ƙara wasu satuttuka a gida, da wataƙila cutar ta dawo da ƙarfinta, kuma dawowa ta fi farko wuyar sha'ani. Na rubuta wannan maganar da hannuna, har yau shafin yana nan. Aka ci gaba da magani, zagaye uku, kowanne da wahalarsa. Gashin da ya tsiro ya sake zubewa. Amma yanzu ina bakin gado, ba a baranda ba, kuma idan aka shigo da tiren nan ni nake naɗe mata hannun riga.

Ranar karɓar sakamakon ƙarshe mu uku muka je tagar ɗakin gwaji, ni da Goggo da 'yar Goggo. Ashe sun haɗa baki. Muna isa Goggo ta ce ƙafarta na ciwo, ta nemi benci ta zauna. Ita kuma 'yar Goggo ta gyara takunkumin da ke rufe da hancinta da bakinta ta tsaya a bayana, ta ce likita ya hana ta yawan magana. Ma'aikacin ya ɗago ya tambayi sunan mara lafiya. Na ce 'yar fari ce. Ya ce Mama, duk akwatin nan 'ya'yan fari ne da na tsakiya da 'yan auta, suna zai nema. Na laluba na miƙa masa abin da na zaci katinta ne, ashe Goggo ta zare shi daga jakata, takardar awon hawan jinina na miƙa. Layi ya fara tsawo, wani yana cewa a yi sauri. Na waiga, Goggo ta kau da kai tana kallon silin. Sai na runtse ido na faɗi sunan can ƙasa-ƙasa. Ya ce bai ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi, sunan da na zaɓa da kaina a zuciya tun tana ciki, na aika aka gaya wa mahaifinta, ban kuma taɓa ɗora shi a harshena ba. Daga bayana na ji an ce na'am, Iya. Muka kai ambulan ɗin wurin likita a rufe, ya buɗe, ya karanta, ya juyo da takardar ya nuna mini layin da yatsa. Ba a ga alamar ba. Wannan karon mai gadi bai taho a guje ba, ya riga ya san muryar Goggo. Abin da bai sani ba shi ne guɗa ta biyun tawa ce.

Yau shekara uku ke nan. Ta koma aji, gashinta ya fi na da cika, kuma har yanzu ana duba jinin lokaci-lokaci, don likita bai taɓa ce mana an rufe littafi ba, mu ma ba mu ce ba. Na san akwai waɗanda muka yi jinya tare da alamarsu ta zo da tauri, wasu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Ba wayona ne ya tsirar da tawa ba, ni kam saura kaɗan in ɓata rahamar da aka yi mana.

Abin da nake so in gaya wa iyaye 'yan'uwana mata shi ne, kada ku auna lafiyar mai irin wannan ciwo da kumatu ko da yawan loma. In an ce a dawo a ɗebi jini, ku koma ranar da aka ce, ko da kuwa yana tsalle. In wani abu ya tsaya muku a rai, ku shiga ku tambaya da bakinku, kada ku zauna a baranda kuna jiran saƙo, don mai kawo saƙo yakan zubar da rabi a hanya ba da nufi ba. Kunya abu ne mai kyau, har gobe ba na kiran sunanta a gaban surukai, shi ya sa ma ba ku gan shi a wasiƙar nan ba. Amma duk ranar karɓar sakamako ni nake zuwa tagar nan, ba na aiken kowa. Ma'aikacin ya san ni, ya san ambulan ɗin da na zo nema, amma sai ya yi murmushi ya tambaye ni sunan. Ni kuma in faɗa masa, yadda na bayan layi ma zai ji.